Faifan da Ido Ba Ya Gani: Gwanintar Lilo da Sandar Golf

A cikin wasannin ƙwallo, golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, shi ne mai ban mamaki. Ƙwallon tana zaune wuri guda. Babu mai tsaron gida, babu abokin hamayyar da zai ƙwace ta, babu mai cewa ka yi sauri. Duk da haka za ka ga ƙato majiyin ƙarfi ya zage ya kai mata duka, sandar ta wuce ta sama, ko ta caki ƙasa, ko ƙwallon ta tashi ta yi kwana ta faɗa cikin itatuwa. A gefensa kuma ga wani siririn saurayi, wanda jakar wani ya yini yana ɗauka, zai yi lilo da sanda kamar ba ya so, ka ji ƙara tas, ƙwallon ta miƙe sambal ta wuce mita 200. Abin da saurayin nan ya mallaka hanya ce da kan sandarsa ke bi a cikin iska, hanya guda, yau da gobe. Ita ce ta fi burge ni a wasan gaba ɗaya.

Da a ce ƙwallon tana rataye daidai ƙirjin mai bugu, da sandar za ta zagaya jikinsa a kwance. Da kuma tana tsakanin ƙafafunsa, da sandar za ta tashi sama ta sauko a tsaye, kamar mai faskare. To ƙwallon golf tana ƙasa, kuma tana can gabansa, ɗan nesa da yatsun ƙafarsa. Dole ne da'irar da kan sandar zai zana ta zama karkatacciya: gindinta a kan ƙwallon, samanta a bayan kafaɗun mai bugu. Wannan karkatacciyar da'ira ita za mu kira faifan bugu. Na'urorin auna bugu sun nuna cewa idan gwani ya riƙe babbar sanda, wadda 'yan wasa ke kira direba, faifan yana karkata kusan digiri 45 zuwa 50 daga ƙasa. Idan sandar ƙarfe mai lamba shida ce a hannunsa, karkatar tana kai wajen digiri 60. Dalilin a fili yake. Direba tsawonta kusan inci 45, sai an tsaya nesa da ƙwallon, faifan ya kwanta. Gajeriyar sanda irin weji kusan inci 35 ce, sai an matso an sunkuya, faifan ya miƙe. Doka ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna 14, ke nan jikinsa yana riƙe da faifai iri-iri, kuma sandar da ya ɗauka ce take gaya masa wanda zai bi.

Mutumin Mararaban Rido, mahaɗar nan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Kachia kusa da matatar mai, zai iya cewa wannan wasan manya ne, ba abin da ya haɗa shi da shi. Filin golf yana can cikin garin Kaduna, sai ya ratsa Sabon Tasha ya haye kogi. Kulob ɗin golf na Kaduna tsoho ne, tun 1921 yake, 'yan shekaru bayan Turawa sun taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Na Rayfield a Jos ya girme shi, tun 1913, zamanin Turawan haƙar kuza. Gaskiya ne wasan da jakar masu hali ya shigo, kuma har yau sanduna da kuɗin shiga kulob sun fi ƙarfin talaka. Amma motsin da ake magana a kai yana jikin duk wanda ya taɓa sare ciyawa da langalanga, kuma daga Mararaban Rido har Kujama, Kachia, Zonkwa da Kafanchan, inda damina ke da ƙarfi ciyawa ke tashi cikin 'yan kwanaki, da wuya ka sami wanda ya yi makaranta bai riƙe ta ba.

Tsaya ka kalli wanda ya iya, a filin makaranta ko harabar coci ko gefen masallaci a watan Agusta. Ya ɗan ware ƙafafu, ya ɗan sunkuya daga ƙugu, bayansa a miƙe. Mariƙin da aka naɗe da tsumma ko roba yana cikin hannunsa a sake, ba ya damƙe shi. Ƙarfen zai tashi ta bayan kafaɗarsa, ya sauko ya shafi ƙasa kamar aska, ya tashi ta ɗaya gefen, ya dawo ta inda ya fito. Ciyawa na zubewa a je da dawowa. Hannun kamar igiya yake, ƙugu da kafaɗa ne ke aikin, shi ya sa zai yi awa guda bai ce wash ba. Sabon hannu kuwa daga sama yake saukowa yana sara. Bakin ƙarfen ya nutse a ƙasa, ya tono tsakuwa, wuyan hannu ya yi tsami, ciyawar kuma tana tsaye tana kallonsa. Na farko yana kan faifai, na biyu ya fita daga kai. Inda golf ya ƙara wahala shi ne, mai langalanga yana da faɗin taku guda na ciyawa da zai sara, ɗan golf kuwa ƙwallo ce mai faɗin milimita 42.67, kuma dole fuskar sandar ta iso tana kallon inda ake so.

Abin da ya sa ba a iya gyara a hanya shi ne sauri. Daga lokacin da sanda ta kai ƙololuwa a baya zuwa lokacin da ta taɓa ƙwallo, bai fi kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba. Kan direbar ƙwararren ɗan wasa yana isowa da gudun kusan kilomita 180 a awa, kuma haɗuwarsa da ƙwallon ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin hannu ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa an taɓa, ƙwallon ta yi gaba. Kuskuren digiri ɗaya tak a saiti yana zama mita uku da rabi idan an yi tafiyar mita 200, digiri biyar kuma ya haura mita 17, kafin ma a yi maganar lanƙwasa. Don haka duk wata dabara sai an gama ta tun kafin saukowa. Wanda sandarsa ta hau daidai, nauyin kanta da juyin jiki su ne za su kawo ta gida. Wanda tasa ta kauce, sai ya ceto bugun da wuyan hannu a cikin ƙiftawar ido, yau ya dace, gobe ya rasa.

Wanda ya fi kowa sa duniya ta ga wannan faifai shi ne Ben Hogan, mutumin Texas a Amurka, haifaffen 1912. Shi ma da ɗaukar jaka ya fara, yana yaro, a kulob ɗin Glen Garden da ke Fort Worth. Ya yi shekaru yana fama da ƙwallon da ke lanƙwasa masa hagu ba shiri, har ta kusa raba shi da sana'ar. Da atisaye ya yi maganinta, irin atisayen da ke fasa tafin hannu. A watan Fabrairun 1949 motarsa ta yi karo da bas, ya kakkarye, aka yi zaton da wuya ya sake tafiya da ƙafafunsa. A 1950 ya ci gasar US Open, a 1953 kuma ya haɗa Masters da US Open da gasar Open ta Birtaniya a shekara guda. Manyan kofuna tara ya tara a rayuwarsa. A 1957 ya fitar da littafinsa Five Lessons tare da marubuci Herbert Warren Wind, mai zane Anthony Ravielli kuma ya yi hotunan. A ciki akwai zanen da har yau malaman golf ba su daina nunawa ba: wani ƙaton gilashi a karkace, gindinsa a kan ƙwallo, ya jingina a kafaɗun mai bugu, kan mutumin ya leƙo ta wata ƙofa a tsakiya. Aikin ɗan wasa lokacin ɗaga sanda shi ne hannuwansa su bi ta ƙarƙashin gilashin nan. Idan suka ɗaga fiye da kima, gilashi ya fashe.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci. Hogan ya lura cewa sanda ba ta saukowa ta ainihin inda ta hau. Da zarar ƙugu ya fara juyawa zuwa inda ake nufi, hannuwa sukan ɗan faɗo, faifan saukowa ya fi na hawa kwanciya, kuma ya ɗan kalli dama da saiti ga mai bugu da hannun dama. Daga ciki sandar ke zuwa wa ƙwallon, ta gefen jikin mai bugu. Wannan 'yar faɗowar ita ce zuciyar gwanintar. Ka kalli Sergio García na Sifaniya a hoton bidiyo mai tafiya a hankali: a saman lilonsa sandar kamar ta kwanta a bayansa, ƙugunsa ya riga ya tafi, kan sandar yana biye kamar ba zai iso ba, sai ga shi ya iso a kan lokaci. Ba na gajiya da kallon wannan wuri.

Kishiyar wannan faɗowar ita ce cutar da ta fi kama masu koyo a ko'ina a duniya. Mutum ya ɗaga sanda lafiya lau, amma saboda ɗokin duka sai kafaɗar dama ta riga ƙugu motsi. Sandar ta fito waje, ta haye saman faifan, ta sauko a tsaye tana yankar ƙwallon daga waje zuwa ciki. Idan fuskar sandar tana kallon hanyar da aka bi, ƙwallon ta miƙe hagu. Idan kuma fuskar a buɗe take, wanda shi ya fi yawa, ƙwallon ta tashi sama ba ƙarfi, ta yi ta karkata dama har ta ɓace a daji. 'Yan wasa suna kiran wannan silais. Abin tausayin shi ne yadda mai ita ke neman magani: ganin ƙwallonsa na zuwa dama, sai ya ƙara juya jikinsa hagu, wato ya ƙara yankan da ya jawo matsalar. Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, sandarsu ta maƙale a bayansu ta fito daga ciki sosai, ƙwallon ta tafi dama kai tsaye ko ta murɗe hagu tana gudu a ƙasa. Irin wannan ce ta wahalar da Hogan, kuma galibi cutar gwanaye ce.

An daɗe ana koyar da cewa hanyar sanda ce ke zaɓar inda ƙwallo za ta fara nufa, fuska kuma ta lanƙwasa ta. Na'urar rada ta kamfanin TrackMan na ƙasar Denmak, wanda aka kafa a 2003, ta nuna akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya. Fuskar sanda ce ke da kaso mafi tsoka wajen zaɓar inda ƙwallon za ta fara nufa, wajen kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari gwargwadon sandar. Lanƙwasa kuma tana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin inda fuska ke kallo da inda kan sandar ya dosa. Ƙwallon golf kullum da baya take juyawa a iska. Idan fuska da hanya sun yi daidai, juyin a miƙe yake, ƙwallon ta tafi sak. Idan sun saɓa, juyin ya karkata, ƙwallon ta bi karkatar. Wani masanin kimiyyar fiziks a Nebraska, Theodore Jorgensen, ya riga ya yi wannan lissafi a takarda tun a shekarun 1990, kafin na'ura ta tabbatar.

Akwai wani abu mai daɗi da ke fitowa daga karkatar faifan, wanda ko cikin 'yan wasa ba kowa ya lura da shi ba. Tunda da'irar a karkace take, duk lokacin da kan sanda ke kan saukowa, yana kuma tafiya ne zuwa waje, wato dama. Sai ya kai gindin da'irar ya kalli saiti na ɗan lokaci, daga nan ya fara hawa yana komawa ciki, wato hagu. Da sandunan ƙarfe ana son a taɓa ƙwallon kafin a kai gindin, ƙwallo tukuna sannan ƙasa. Da direba kuwa, tunda ƙwallon tana kan ɗan turke, ana iya samunta bayan an wuce gindin, sanda na hawa. Ke nan lilo iri ɗaya zai tura ƙwallo ɗan dama da ƙarfe, ɗan hagu da direba. Matsar da ƙwallo inci ɗaya gaba ko baya tsakanin ƙafafu yana canza hanyar bugu ba tare da mutum ya canza komai a jikinsa ba. Tsofaffin gwanaye sun san wannan a aikace tun ba a ƙirƙiro rada ba.

Faifan ba ya ganuwa, amma yana barin sawu, kuma a nan ne masu ɗaukar jaka suka yi fice. Bayan bugu da ƙarfe, sanda takan ɓantare ciyawa ta bar tabo a ƙasa. Gogaggen ɗan jaka ba ya fara bin ƙwallo da ido kawai, yakan duba tabon. Idan ya fara daga inda ƙwallon ta zauna ya yi gaba, siriri, zurfinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, to an yi aiki. Idan ya yi zurfi kamar an sa fartanya, kuma ya nufi hagu sosai, an sauko daga sama an yanka. Idan ya fara tun kafin wurin ƙwallon, gindin da'irar ya koma baya, mutumin bai mayar da nauyinsa kan ƙafar gaba ba. Idan gefe ɗaya ya fi zurfi, ko dai bakin sandar ne ko dugaduginta ya riga taɓa ƙasa. Za ka ji yaron ya matso cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa don kada abokan wasa su ji, ya ce, "Yallaɓai, kafaɗa na rigan ƙugu. A bar hannu ya faɗo tukuna." Yallaɓai kuma, idan mai hankali ne, sai ya ce, "To, ɗana, tsaya a bayana ka duba mini wannan." Yaron bai taɓa ganin rada ba. Ya dai ga dubban bugu daga wuri guda, bayan mai wasa, inda faifan ya fi fitowa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ana danganta wa Hogan maganar cewa sirrin wasan a cikin ƙasa yake, kuma duk da atisaye yake nufi, ɗan jakar da ke karanta tabo ya ɗauki maganar a zahirinta.

Ƙasar tamu ma malama ce mai tsanani. Filayen Turai masu laushi suna yafe wa wanda ya sauko a tsaye, sandar ta nutse ta fita. A Kaduna kuwa, idan hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, jar ƙasa ta ƙanƙame, wanda ya sara daga sama zai ji girgizar har gwiwar hannu, wanda ya taɓa ƙasa kafin ƙwallo kuma sandarsa za ta yi tsalle ta bugi ƙwallon a ciki ta tafi tana birgima. Wanda ya tashi a irin wannan fili dole ya koyi shafar ƙasa, ya ɗauke ƙwallo tsaf. Lee Trevino, wanda ya ci manyan kofuna shida, shi ma ɗan jaka ne da ya koyi wasa a busasshiyar ƙasar Texas, kuma har yau ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa iya taɓa ƙwallo da tsabta. Filayen Najeriya da dama sun daɗe ba su da lallausar ciyawa a kewayen ramin da ake son ƙwallo ta faɗa, sai yashi da aka cakuɗa da mai ana sharewa. A kan irinsa aka riƙa buga gasar Nigerian Open a Ikoyi, Legas, inda Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, Vijay Singh kuma ya ci a 1988 da 1989. Dukansu biyu daga baya sun ci gasar Masters a Amurka.

Tambayar da ke raba kan malamai ita ce ko akwai faifai guda da ya dace da kowa. Homer Kelley, wanda ya yi aiki a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya fitar da The Golfing Machine a 1969, ya rarraba lilo gunduwa-gunduwa kamar inji, ya nuna ana iya haɗa shi ta hanyoyi masu yawa. Jim Hardy a 2005 ya kasa 'yan wasa gida biyu: waɗanda hannunsu na gaba ke bin layin kafaɗu a saman lilo, irin su Hogan, da waɗanda hannunsu ke tashi sama da kafaɗu, irin su Jack Nicklaus. Nicklaus da wannan miƙaƙƙen lilo, wanda da zai fasa gilashin Hogan, ya ci manyan kofuna 18, ba wanda ya kamo shi. Moe Norman na Kanada yakan miƙe hannuwa tun a tsayuwa, sanda ta je ta dawo kusan a layi ɗaya. Bryson DeChambeau ya sa aka yanka masa sandunan ƙarfensa duka tsawo ɗaya, inci 37.5, don kada ya riƙa canza karkata, kuma ya ci US Open a 2020 da 2024. Jim Furyk kuwa yakan ɗaga sanda a tsaye can waje, ya murɗa ta a sama ta zagayo, abin da duk malami zai ce a gyara. Da wannan lilon ya ci US Open a 2003, a 2016 kuma ya zagaye ramuka 18 da bugu 58 kacal, mafi ƙaranci a tarihin gasannin PGA Tour.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma wannan ba ya nufin faifai tatsuniya ne. Masu binciken motsin jiki da suka bi kan sanda da kyamarori sun gano cewa lilon gaba ɗaya ba ya zama a shimfiɗe guda. Sai dai a wajen gwanaye, daga lokacin da sanda ta sauko daidai ƙugu zuwa lokacin da ta tashi daidai ƙugu a ɗaya gefen, kan sandar yana bin shimfiɗa guda kusan ba kauce. Furyk da Hogan sun sha bamban a sama, a ƙasa kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su. A ganina wannan ne ya kamata malami ya riƙe. Ina jin takaici idan na ga an kama yaro mai kyakkyawan bugu ana lanƙwasa masa gwiwar hannu don ya yi kama da hoton littafi. Tsawon mutum, tsawon hannunsa, faɗin ƙirjinsa da laushin kafaɗarsa su ne ke zaɓar masa hanyar hawa. Dogo yakan fi miƙewa, gajere mai faɗin ƙirji yakan fi kwanciya. Abin dubawa shi ne daga ƙugu zuwa ƙugu, da abin da ƙwallo ta yi.

Koyon abin ba ya buƙatar kayan tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya tsaya a miƙe, ya riƙe sanda daidai ƙirji, ya yi ta lilo a kwance yana jin yadda kan sandar ke zagaya shi da yadda hannuwa ke juyawa da kansu. Sai ya riƙa sunkuyawa daga ƙugu kaɗan-kaɗan, lilon bai tsaya ba, har kan sandar ya fara shafar ciyawa. Da'irar ba ta canza ba, karkata kawai ta yi. Mai fama da yanka daga waje kuma sai ya ajiye kwalin da ba komai a ciki a gefen ƙwallon ta waje, ɗan baya kaɗan, tazarar yatsu uku. Idan ya haye faifai, kwalin zai tashi. Ba sai an yi masa dogon bayani ba, jikinsa zai nemi hanyar ciki da kansa. Tudu ma yana koyarwa: idan ƙwallo ta fi ƙafafu tudu, lilo yakan kwanta, ƙwallon ta nufi hagu, idan ta fi su gangare, lilo ya miƙe, ta nufi dama. Masu bugu da hagu sai su juya duk wannan.

Wayar hannu ta kawo abin da Hogan bai samu ba, amma tana yaudara idan ba a san inda za a tsaya ba. Mai ɗauka ya tsaya a bayan mai bugu, wayar daidai tsayin hannuwansa, kuma a kan layin hannuwan, tana kallon inda aka nufa. Idan ya matsa zuwa bayan ƙwallon ko ya ɗaga wayar daidai fuskarsa, lilo mai kyau zai fito kamar ya kauce, a shiga gyaran abin da bai lalace ba. A hoto mai tafiya a hankali, wuri ɗaya ya isa a duba da farko: lokacin da hannun gaba ya sauko ya yi daidai da ƙasa, gindin mariƙin sanda ya kamata ya nuna layin ƙwallon ko kusa da shi. Idan ya nuna yatsun ƙafa, sandar ta miƙe da yawa. Idan ya nuna can gaba da ƙwallon, ta kwanta da yawa.

Wani abin da ke damuna game da yaranmu masu sha'awar wasan shi ne sandar da suke fara koyo da ita. Galibi kwance ce, wadda wani babba ya gaji da ita ya bayar, kuma an gode masa. Amma sandar babban mutum a hannun ɗan shekara goma ta yi tsawo ta yi nauyi. Dole ya tsaya nesa, ya ja ta a kwance ta bayansa, sannan ya wurgo ta da kafaɗa don ya iya dawo da ita, kuma jiki ba ya saurin manta abin da ya fara koya. Yanke gorar sandar a sake naɗa mariƙi yana rage matsalar, ko da yake yana sa gorar ta ƙara tauri. Haka kuma kowace sanda tana da kusurwar da kanta ke zama a ƙasa, wajen digiri 62 ga ƙarfe mai lamba bakwai, 64 ga weji. Idan kusurwar ba ta dace da mai ita ba, bakin sandar ya ɗaga sama lokacin bugu, ƙwallo za ta tafi hagu ko da lilon ba shi da aibu, idan dugadugin ne ya ɗaga kuma ta tafi dama. Gwajin ba wuya. A ja layi mai kauri a jikin ƙwallo da alƙalamin maka, a ajiye ta layin yana tsaye yana fuskantar sandar, a buga. Tawadar za ta fito a fuskar sanda. Idan layin ya fito a tsaye, sandar ta dace da mai ita. Idan ya karkata, sai a kai ta wurin mai gyaran sanduna ya lanƙwasa wuyanta digiri ɗaya ko biyu, kafin a ce wa yaron ya canza lilonsa.